Babi na Bakwai: Iyakokin da Ba a Kafa Musu Turaku Ba

Duk wanda ya tashi a Gangara, ko a wani ƙauye daga cikin ƙauyukan da ke jere a bakin iyaka ta ƙasar Jibiya, ya san wani abu wanda mutumin birni bai cika saninsa ba, wato ya san cewa iyaka iri biyu ce. Akwai wadda mutane suka shata, kamar wannan da ta raba Katsina da Maraɗi, wadda Ingilishi da Faransawa suka yi ta ciniki a kanta a 1898 da 1904 da 1906, kafin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee su bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku 148 tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Irin wannan iyaka akuya ba ta san da ita ba, hazo bai san da ita ba, kuma mai zuwa suna gidan kawunsa a Ɗan Isa sau da yawa ba ya sanin sa'ad da ya taka ta. Akwai kuma wadda Mahalicci ya shata, kamar gulbi in ya kawo a tsakiyar Agusta, wadda ba a roƙonta, ba a ba ta na goro, ba ta kuma duban takardar kowa. Iyakar abin da mutum zai yi shi ne ya tsaya a gaɓa ya karanci ruwan, ya tambayi waɗanda suka riga shi, ya san inda ke da zurfi da inda mashigi yake, sa'an nan ya naɗe wando ya shiga da sanda a hannu yana dungurawa.

A wannan babi za mu yi magana ne a kan iyakoki irin na biyun, amma waɗanda suke a sararin samaniya, da kuma mutanen da suka shafe shekara 21, daga 1947 zuwa 1968, suna dungura musu sanda a bisa wata hamada ta ƙasar Amurka.

Saurin sauti

In mace tana daka a can ƙarshen gari kana kallonta daga gona, za ka ga taɓarya ta sauka cikin turmi, har ta fara ɗagowa, kafin ƙarar dukan ta iso kunnenka. Haka 'yan bindiga ranar hawan salla, hayaƙin albarushi yakan riga ƙara zuwa. Haka walƙiya takan haska ta wajen Maraɗi, mutum ya yi ta sauraro kafin tsawa ta biyo baya. Dalilin duk wannan ɗaya ne: sauti matafiyi ne, yana da saurinsa wanda ba ya wucewa, wato kimanin mita 340 cikin daƙiƙa ɗaya, ko kilomita 1,225 cikin sa'a ɗaya a nan ƙasa, a can sama kuwa, inda sanyi ya tsananta, saurin yakan ragu zuwa wajen kilomita 1,060. Masana suka mai da wannan sauri ma'auni, suka raɗa masa sunan wani malamin ƙasar Ostiriya, Ernst Mach, ta yadda in an ce Mak 1 ana nufin daidai da saurin sauti, in an ce Mak 2 ana nufin ninkinsa biyu, haka har abin da ya yi sama.

To, me ya sa wannan sauri ya zama iyaka ga jirgin sama? Mu ɗauki misali da sarki in ya hau. Zagage da dogarai suna gaba suna buɗe hanya, jama'a suna darewa tun kafin doki ya iso, saboda labarin zuwansa ya riga shi. Jirgi ma haka yake da iska: matsin da yake yi mata yana gudu a gabansa da saurin sauti, yana sanar da ita ta kauce. Amma in dokin ya zabura har ya cim ma zagagensa, ya zamana babu mai shela a gaba, to, jama'a ba za su sami zarafin darewa ba, sai dai a yi karo. Iskar takan taru ta dunƙule a hancin jirgi da bisa fukafukansa, jirgi ya kama makyarkyata, linzaminsa ya sandare a hannun matuƙi, hancinsa ya sunkuya ƙasa ya ƙi ɗagowa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa da dama sun gamu da wannan al'amari sa'ad da suka sulalo daga sama da gudu, wasu suka tsira da ƙyar, wasu ajali ya same su a nan. Ranar 27 ga Satumba 1946 jirgin gwaji na Geoffrey de Havilland ƙarami ya tarwatse a bisa bakin kogin Temis na Ingila, ya hallaka, sai maganar katangar sauti ta bazu a jaridu, har wasu suka ɗauka wani haddi ne da ba a yarje wa ɗan Adam ƙetarewa ba.

Alhali kuwa hujjar da ke rushe wannan zato tana hannun kowane makiyayi, domin ƙarar nan da bulala take yi in an kaɗa ta, bakinta ne ya wuce saurin sauti. Harsashi ma kullum wuce shi yake yi lafiya lau. Ashe mas'alar ba ta yiwuwa ba ce, ta sanin hanya ce.

Martabobin yaƙini

Malamanmu sun kasa yaƙini kashi uku: ilmul yaƙini, kamar wanda ya hangi hayaƙi ya tabbata akwai wuta, ainul yaƙini, kamar wanda ya je ya ga wutar da idonsa, da haƙƙul yaƙini, kamar wanda ya sa hannu ta ƙone shi. Masu binciken jiragen sama su ma matakansu uku ne. Suna da hisabi a kan takarda; suna da bututun iska, wato wani dogon rami da ake hura iska mai ƙarfi a cikinsa a kan ɗan ƙaramin samfurin jirgi ana kallo; sa'an nan akwai tashi da jirgin kansa. Abin da ya faru a farkon shekarun 1940 shi ne mataki na farko da na biyu duka sun gaza a daidai inda ake bukatarsu, domin lissafin yakan rikice in an kusanci Mak 1, bututun kuma yakan shaƙe da iskarsa ya ba da labarin ƙarya. Saboda haka John Stack na hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, wadda ake kira NACA, da Ezra Kotcher na rundunar soja, suka tsaya a kan cewa babu makawa sai an ƙera jirgi wanda ba na yaƙi ba, ba na fasinja ba, wanda ba shi da wani aiki sai ya je wurin ya ɗebo labari.

Injin da zai kai shi kuwa, Kotcher ya dage sai roka. Bambancin roka da sauran injuna shi ne guzuri. Wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa maƙeri yake da zugazugi. Injin farfela da injin jet daga sarari suke shaƙar tasu iskar, in an hau sama inda ta yi ƙaranci sai ƙarfinsu ya ragu. Roka kuwa tana ɗauke da manta da kuma iskarta a tanki, wato iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, a sanyin digiri 183 ƙasa da sifiri. Ba ta roƙon kowa komai, amma fa almubazzara ce, abin da wani inji zai yi sa'a yana sha, ita cikin minti biyu ko uku ta lashe shi. Ba kuma sabuwar aba ba ce: tun ƙarni na 13 wani masanin Sham, Hasan al-Rammah, ya yi rubutu a kan haɗin albarushi da kibau masu tashi da wuta. Jamusawa ne suka fara ɗaura ta a jirgi mai ɗauke da mutum a 1928, suka tashi Heinkel 176 mai roka ta ruwa a Yuni 1939, kuma a 2 ga Oktoba 1941 Heini Dittmar ya haura kilomita 1,000 a sa'a cikin jirgin Me 163, wanda mansa ba ya kai minti takwas, kuma yakan fashe ya cinye matuƙinsa tun a filin tashi.

Harsashi mai fukafuki

Kamfanin Bell ne ya ƙera jirgin da aka kira X-1, kuma da yake maƙeran ba su san siffar da ta dace ba, sai suka yi ƙiyasi a kan abin da aka tabbatar yana wuce sauti, suka zana gangar jikinsa da siffar harsashin babbar bindiga, suka sa masa fukafukai sirara masu ƙarfin gaske, suka shafa masa launin ruwan lemo don a riƙa hangensa. Injinsa ɗakunan wuta huɗu gare shi, masu shan barasa da ruwan oksijin, ana kunna su ɗaya bayan ɗaya. Don kada ya ɓarnatar da guzurinsa wajen hawa, sai a rataye shi a cikin babban jirgin yaƙi B-29 kamar goyo, a hau da shi sama, sa'an nan a sake shi. In mansa ya ƙare ya sulalo ba inji, ya sauka a Muroc cikin hamadar Mojabe ta Kalifoniya, inda akwai wani tafki busasshe mai faɗin gaske, wanda ruwan hunturu da iska suke shafe shi kowace shekara, rana kuma ta gasa shi ya zama kamar daɓen ɗakin amarya.

Matuƙin da aka zaɓa, Kyaftin Charles Yeager, shekararsa 24, ɗan ƙauye ne daga jihar Bajiniya ta Yamma, bai yi jami'a ba, amma ya san inji tun yana yaro. Abin lura a nan shi ne yadda aka yi aikin. Ba a ce masa ya rufe ido ya afka ba. Kowane tashi ƙari kaɗan ake yi a kan na jiya, a sauko a zazzage na'urorin da ke rubuta matsin iska da girgizar fukafuki, a zauna a yi nazari, sa'an nan a yanke abin da za a ƙara gobe. Da suka kai Mak 0.94 sai linzamin jela ya daina aiki ɗungum, domin dunƙulen iska ya zauna daidai kan maɗaurinsa. A nan injiniya Jack Ridley ya ba da shawarar a bar ɗan linzamin, a riƙa karkata jelar gaba ɗayanta. Wannan dabara ita ce mashigin da ake nema, kuma har yau da ita jiragen da ke wuce sauti suke amfani.

Saura kwana biyu a yi babban tashi, doki ya kayar da Yeager da dare, haƙarƙarinsa biyu suka karye, ya ɓoye wa manyansa don kada a ba wani. Da ya ga ba zai iya miƙa hannun dama ya ja ƙofar jirgin ya kulle ba, sai ya gaya wa Ridley, shi kuwa ya sami sandar tsintsiya ya yanko guntu, ya ba shi ya riƙa dannawa da hannun hagu. Ranar Talata 14 ga Oktoba 1947, a tsayin mita 13,000 da 'yan kai, allurar ma'aunin ta yi rawa ta tsallake ƙarshen lambobinta, makyarkyatar ta ɗauke, jirgi ya daidaita sumul, waɗanda ke ƙasa kuma suka ji wata ƙara kamar tsawa alhali babu hadari. Lissafi ya nuna Mak 1.06, wato kilomita 1,127 a sa'a. Katangar da aka yi ta tsoro, ashe rabinta ƙarancin sani ne.

Fata da ajali

Daga nan aka shiga tsere. Scott Crossfield ya kai Mak 2 a 20 ga Nuwamba 1953 cikin jirgin Skyrocket na kamfanin Douglas. Bayan sati uku Yeager ya kai Mak 2.44 cikin X-1A, amma jirgin ya kuɓuce masa, ya yi ta wulwulawa yana faɗowa kimanin kilomita 15 cikin abin da bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba, kafin ya shawo kansa. Wannan wata iyaka ce sabuwa, domin in sauri ya yi yawa, iska kuma ta yi ƙaranci, jela ba ta iya riƙe jirgi mai nauyin jiki da gajerun fukafukai, da an ɗan juya shi sai ya birkice. Ita ce ta ci Milburn Apt ranar 27 ga Satumba 1956: a tashinsa na farko cikin X-2 ya zama mutum na farko da ya wuce Mak 3, ya karkata zai koma gida tun saurin bai ragu ba, jirgin ya juye da shi, bai tsira da ransa ba.

Akwai kuma wata musiba wadda majema da dukawa za su fi kowa jin ta. Tsakanin 1951 da 1955 jirage huɗu daga cikin waɗannan suka fashe haka kawai, ba a cikin gudu ba, wasu suna rataye a cikin uwar goyonsu, wani yana ƙasa. Fashewar X-2 a Mayu 1953 ta hallaka matuƙi Jean Ziegler da wani ma'aikaci guda. An yi ta bincike ana zargin wannan ana zargin wancan, sai daga bisani aka gano cewa zoben fatar da ake liƙe bakin tanki da shi don hana yoyo shi ne mai laifi. An jiƙa fatar da wani sinadari don ta yi laushi, shi kuwa sinadarin in ya haɗu da ruwan oksijin yakan zama kamar albarushi, ɗan bugu kaɗan ya ishe shi tashi. Jirgin da aka kashe dukiya mai ɗimbin yawa a kansa, manyan masana suka ƙare hikimarsu wajen zana shi, ɗan guntun fata wanda bai kai tafin hannu ba ya yi ajalinsa. Wanda duk ya taɓa rasa buhun gero saboda ɓera ɗaya a rumbu ya san wannan darasi.

Iyakar wuta

Daga Mak 5 zuwa sama masana sun ware wa saurin suna dabam, wanda wani malami ɗan ƙasar Sin, Tsien Hsue-shen, ya fara amfani da shi a 1946. Mu a nan za mu ce masa sauri mai tsanani. A wannan mataki abokin gaba ba makyarkyata ba ne, zafi ne. Wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san gindin famfo yakan yi zafi, domin iska in an matse ta zafi take yi. To, jirgin da ke gudun kilomita biyu a daƙiƙa yana matse iskar da ke gabansa har ta fi wutar maƙera zafi, gorar ruwan da ake ƙera jirage da ita kuwa tun kafin nan ta yi laushi. Hankali zai ba mutum cewa maganin abin shi ne a fiƙe hanci ya yi tsini kamar allura. H. Julian Allen na NACA ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa akasin haka ne gaskiya: abu mai dakusasshen hanci yakan tura dunƙulen iskar gaba da shi, ya bar tazara tsakaninsa da ita, mafi yawan zafin ya tafi cikin iska maimakon ya shiga jikinsa.

Don a kai ga haƙƙul yaƙini a wannan fage aka ƙera X-15, guda uku kacal, a kamfanin North American. Tsawonsa kimanin mita 15, baƙi wuluk, fatarsa ta wani gamin ƙarfe ce mai suna Inconel X wanda ke riƙe ƙarfinsa har zafin digiri 650. Jelarsa kuwa, bisa binciken John Becker da abokan aikinsa na cibiyar NACA da ke Langley, an yi ta da kauri a baya kamar ruwan gatari, don ta iya riƙe shi inda siririyar jela ta gaza. Jirgin B-52 yakan ɗauke shi a ƙarƙashin fiffike ya sake shi a tsayin mita 13,700, injinsa mai shan ammoniya da ruwan oksijin ya ci wuta na kimanin daƙiƙa 85, shi ke nan guzuri ya ƙare, sauran tafiyar duk da ƙarfin wannan ingizawa ake yin ta, tashin gaba ɗaya bai cika wuce minti 10 ko 11 ba. In ya hau can inda babu iskar da linzami zai kama, sai matuƙi ya koma ga wasu ƙananan bututu a hanci da fukafukai masu fesa tururi, da su yake juya jirgin. Crossfield ne ya fara tashi da shi a 8 ga Yuni 1959. Robert White ya wuce Mak 4 da Mak 5 da Mak 6 duk a cikin 1961, kuma a na ƙarshen gilashin tagarsa na dama ya tsattsage saboda ƙarfen da ke riƙe da shi ya buɗe da zafi. Neil Armstrong, wanda daga baya ya taka wata, ya tashi da shi sau bakwai. A 20 ga Afrilu 1962 yana saukowa ya ɗaga hanci fiye da kima, jirgin ya yi tsalle a bisa iska kamar dutsen da yaro ya jefa a kan tafki, ya wuce filin saukarsa da nisa, da ƙyar ya juyo ya kai bakin tafkin.

Ranar 22 ga Agusta 1963 Joseph Walker ya hau kusan kilomita 108, wato abin da ya ɗara nisan Katsina zuwa Maraɗi, a tsaye. Ranar 3 ga Oktoba 1967 William Knight ya kai Mak 6.7, kilomita 7,274 a sa'a, saurin da zai ɗauko mutum daga Jibiya ya ajiye shi Katsina kafin ya gama amsa gaisuwa; amma ya sauko da jirgin a ƙone, wuta ta huda ƙarfen ƙarƙashin jelarsa, bai sake tashi ba har abada. Bayan sati shida, a 15 ga Nuwamba, Michael Adams ya haura kilomita 80, na'ura ta sami tangarɗa, jiri ya ɗebe shi, jirgin ya shigo iska a karkace yana juyawa, ya kakkarye. Matuƙa 12, tashi 199, rai ɗaya. A 24 ga Oktoba 1968 aka yi tashi na ƙarshe.

A nan ma sai da mutane suka shata tasu iyakar. Sojan saman Amurka suka ce sararin samaniya ya fara daga mil 50, wato kilomita 80. Ƙungiyar jiragen sama ta duniya ta ce daga kilomita 100. Matuƙan X-15 takwas sun haye ta farkon, Walker kaɗai ya haye ta biyun. Sojojin cikinsu biyar aka ba su lambar 'yan sama jannati nan take, farar hula uku kuwa sai a 2005, bayan biyu daga cikinsu sun daɗe a kabari. Ita dai iska ba ta san mil 50 ba, ba ta san kilomita 100 ba, raguwa take yi sannu a hankali har ta ɓace, kamar yadda ƙasar Katsina take shiga ta Maraɗi ba tare da gero ya sāke launi ba.

Abin da ya ratsa ta kanmu

Kada mai karatu ya zaci wannan labari bai taɓa ƙasarmu ba. A Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, bayan kwanaki suna tafe suna yada zango, jama'a suka fito kallon abin al'ajabi. Ba a cika shekara 40 ba sai ga Kano ta zama zango a wata hanya dabam. Bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 4 ga Oktoba 1957, Amurka ta ga hanyar fukafuki za ta yi mata nisa, ta juya ga dakusasshen hancin Allen: a sa mutum a cikin wani ƙoƙo mai faɗin gindi, a ɗora a kan roka a harba. Da yake ƙoƙon kewaya duniya zai yi, dole a sami tashoshin da za su riƙa sauraronsa suna magana da shi, sai hukumar NASA, magajiyar NACA, ta kafa su 18 a tudu da teku, biyu a ɓangaren Afirka ta kudu da Sahara, ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano, jim kaɗan bayan samun mulkin kai, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi.

Ranar Talata 20 ga Fabrairu 1962, ana tsakiyar azumi, wajen la'asar, John Glenn ya ratso ta saman ƙasar Hausa da saurin kilomita 28,000 a sa'a, kusan ninki huɗu na abin da Knight zai kai bayan shekara biyar. Ya leƙa ta taga, ya gaya wa tashar Kano cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe ƙasa. Mutanen tashar suka amsa masa cewa haka ne, sati guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Bayan ya kewaya duniya sau uku ya dawo ta cikin wutar nan da muka ambata, gindin ƙoƙonsa yana ci yana zubewa, ya faɗa teku lafiya. Hanyar fukafuki kuwa ba ta mutu ba, jinkiri ta yi: abin da X-15 ya tara na ilmin zafi da linzami da saukowa ba inji, shi aka gina Columbia, jirgin 'yan sama jannati mai fukafuki, a kansa, kuma Joe Engle, ɗaya daga cikin matuƙan nan 12, shi ya ja ragamarsa a tashinsa na biyu a Nuwamba 1981.

In mutum ya dubi wannan tarihi gaba ɗayansa zai ga abin mamaki, wato mafi saurin jiragen da aka taɓa tuƙawa, da mafi jinkirin hanya aka same su. Tashin minti goma, shirinsa makonni. Ƙarin sauri kaɗan, sharhinsa takardu tuli. Kowane kuskure a rubuta shi da isnadinsa, wane ya gani, wace na'ura ta shaida, a wace daƙiƙa, har mutuwar Adams ba ta tafi a banza ba, domin na'urorin jirginsa sun yi ta aiko da labari zuwa ƙasa har sa'ad da ya rabu. Ba su fasa wata katanga ba, ko da yake haka jaridu suka faɗa. Iyakokin suna nan inda Ubangiji ya ajiye su, sauti bai ƙara sauri ba, ƙarfe bai daina narkewa ba. Abin da suka yi shi ne abin da mai haye gulbi yake yi, suka koyi hukuncin wurin suka bi shi, sa'an nan aka ba su hanya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, a nan kuwa ita ce ma ta kai su.

Nakan tuna zancen Glenn da mutanen Kano duk sa'ad da hunturu ya kama a Gangara. Masana sun san da wannan ƙura a littafi, sun san daga Sahara take tasowa, nasu ilmul yaƙini ne. Glenn ya hange ta daga nisan da babu wata turka ta Tilho da za a iya gani, ta lulluɓe Nijar da Nijeriya da mayafi ɗaya, nasa ainul yaƙini ne, amma duk da haka sai da ya nemi shaidar na ƙasa. Haƙƙul yaƙini kuwa, a wannan la'asar, yana wurin wani tsoho mai azumi da ke zaune a gindin bedi, leɓɓansa sun bushe, dugadugansa sun yi faso, ya ja rawani ya rufe hanci, yana duban rana ta yi fari fat kamar faifai, yana lissafin abin da ya rage a sha ruwa.